Tambayar da aka yi min a saman tudun Lizbon

Wani dattijo da muke aiki tare a nan Lizbon, babban birnin Fotugal, ya gayyace ni da iyalina ranar Asabar mu hau tudun da tsohuwar fadar São Jorge take. Bayan mun zaga saman ganuwa, sai ya kai mu wani lungu da aka killace, inda masu tonon tarihi suka fito da harsashin gidajen Musulmi na ƙarni na 11. Ba wani abin ɗaukar ido ba ne. Guntayen bango ne da ba su wuce gwiwa ba, da 'yar tsakar gida da ɗakuna kewaye da ita, sai ragowar jan fenti a jikin wani shafe. Amma an yi musu rufi, an sa ma'aikaciya tana tsaro. Ɗana ya ɗora ƙafa kan wani dutse, matar ta roƙe shi cikin ladabi ya sauke. Nan dattijon ya juyo ya ce da ni, "Ku ma kuna da irin wannan a garinku?"

Ba da raini ya tambaya ba, na san halinsa. Na ce masa muna da wanda ya fi. Na ciro waya don in nuna masa badalar Kano, hoton da ya fara fitowa sai ga bola a gindinta, an gutsure gefe an kafa shago. Na mayar da wayar aljihu na ce zan turo masa daga baya. Har yau abin yana cina.

Bari in ba ku labarin garin, don wanda bai gani ba ya gane abin da ya sosa min rai. Lizbon a kan tuddai take, tana kallon kogin Teju, wanda faɗinsa a nan ya isa mutum ya ɗauka teku ce. Daga saman fadar, rufin gidaje ja ne har iya ganinka, ga ɗawisu na yawo a tsakanin mutane ba mai korarsu. Ƙasa da fadar akwai unguwar Alfama, lunguna ne matsattsu masu matakala, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, shanya a tagogi, bangon gidaje lulluɓe da tayil mai zanen shuɗi. Akwai wani tsohon taragon lantarki ruwan ɗorawa, mai lamba 28, da yake ratsa lungunan yana ƙugi, wani lokacin har sai mai tafiya a ƙasa ya manne da bango kafin ya wuce. Kujerunsa da tagoginsa na katako ne, kuma ba su jefar da shi ba. Gyara shi suke yi, baƙi suna bin layi don su hau. Hatta daɓen gefen titi da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe ake jera shi da hannu. Na taɓa tsayawa ina kallon wani magini a durƙushe da 'yar guduma, yana ɗaukar dutse yana juya shi a tafin hannu, ya ɗan fasa gefensa, sannan ya dasa shi a gurbin wanda ya fita.

Musulmi sun riƙe garin nan fiye da shekara 400, har zuwa 1147 da Sarki Afonso Henriques na Fotugal ya ƙwace shi. Waɗanda suka rage aka tara su a unguwar Mouraria, sannan a ƙarshen 1496 Sarki Manuel ya ba da umarnin korarsu tare da Yahudawa. To jikokin waɗanda suka yi korar su ne yau suke tsaron harsashin gidajen waɗanda aka kora, suna hana yaro taka shi. Mu kuwa ganuwar da kakanninmu suka ɗora da hannunsu, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta tsakanin 1095 da 1134, wato ta riga ta fara tashi tun kafin Afonso ya shiga Lizbon, ita muke ɗiba a buhu mu yi yaɓe a gida. Wanda ya fi ƙarfi ma ba ya ɗiba, fili yake yankawa.

Wurin da ya fi ba ni mamaki shi ne majami'ar Carmo. Ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasa ta rusa garin, teku ta biyo baya ta malalo, wuta ta ci abin da ya saura kwana da kwanaki. Sun sake gina tsakiyar birnin da tituna miƙaƙƙu a ƙarƙashin Pombal, babban ministan sarki na lokacin, amma wannan majami'a har yau ba rufi, bakan gizon dutse kawai a tsaye, sama a buɗe. Kango ne, kuma a tsakiyar gari inda fili yake da tsadar gaske. Suka mayar da shi gidan tarihi, ana sayen tikiti a shiga. Ku tuna yadda aka yi da Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. An gina wata a madadinta, na sani, amma duk wanda ya tashi yana bi ta tsohuwar ya san ba ita ba ce.

Za a ce ai nasu dutse ne, namu ƙasa, kuma damina ba ta raga wa ƙasa. Gaskiya ne. Za a ce suna da kuɗi, wannan ma gaskiya ne, kuma na san inda wani kuɗin ya fito. A Belém, bakin kogi, akwai hasumiyar da aka gina a farkon ƙarni na 16, da katafaren gidan ibada na Jerónimos inda kabarin shahararren matuƙin jirgin ruwa Vasco da Gama yake, duka biyun UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1983. Da harajin cinikin kayan yaji aka gina Jerónimos, kuma jiragen da suka tashi daga wannan gaɓa su ne suka yi ta jigilar bayi daga gaɓar Afirka. Idan na tsaya gaban babban gunkin masu binciken teku da aka kafa a 1960, ba sha'awa nake ji ba, ƙirjina nauyi yake yi. Ita kanta fadar São Jorge, yawancin abin da ake gani gyaran wajajen 1940 ne, zamanin mulkin kama-karya na Salazar. Kuma Alfama tana rasa mutanenta, don masu gida sun gane bai wa baƙi hayar kwana uku ya fi riba, tsofaffin da aka haifa a unguwar suna ta barinta. Cikin birnin Kano kuwa har gobe da mutanensa.

Amma duk wannan bai wanke mu ba. Masallacin Agadas ma da ƙasa aka gina shi, mutanen garin suna yi masa yaɓe, yana nan tsaye, tsohon garin kuma ya shiga jerin UNESCO a 2013. Badalar Kano tun 2007 take cikin jerin masu jiran tsammani. Da can ai ba siminti ne ya riƙe ta ba, gayya ce. Bayan damina a fito da magina da jama'ar unguwanni a toshe inda ruwa ya ci. Abin da ya mutu ke nan, kuma ba talauci ne ya kashe shi ba, don Kano ba ta taɓa rasa masu kuɗi ba. Attajirin da zai tashi jirgi ya zo Lizbon ya ɗauki hoto a Belém ya sa a Instagram, shi ne zai koma ya kafa rukunin shaguna a kan ganuwa.

A kowane wurin nan na Lizbon da na lissafa sai ka tarar da 'yan firamare a jere, malama a gaba tana nuna musu dutse tana bayani. Ɗiyata tana cikinsu. Ta san 1147, ta san 1755, ta san Vasco da Gama ya isa Indiya a 1498. Na ce mata a wannan shekarar ake cewa an kafa marinar Ƙofar Mata, ta tambaye ni mece ce marina. Ba ta taɓa jin warin baba ba, ba ta san Barbushe ba, Dala kuwa a wurinta sunan kuɗin Amurka ne. Ni kaina da na yi makaranta a Kano, ba malamin da ya taɓa kai mu Gidan Makama, da ƙafata na je bayan na girma. Mun yi shawara da mahaifiyarsu, hutun bana gida za mu, ko da kuɗin jirgi zai cinye ajiyar shekara. Na kira yayana na ce ya nemo min dattijon da ya san ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, wanda zai zaga da yara tun daga Ƙofar Mazugal har Ƙofar Kabuga ya gaya musu wa ya gina, wa ya shigo ta ina. Ya ce zai tambaya a cikin gari, amma wanda ya sani a unguwarmu ya rasu bara.