Siminti Ba Gata Ba Ne Ga Tsohon Soro

Jama'a, duk wanda ya gaji tsohon zaure a Rano ko Bebeji ko wajen Birnin Kudu, don Allah ya daina lafta masa siminti da sunan gyara. Kashe ginin yake yi.

Bangon tubali yana shan danshi da damina, rana ta buɗe ya fitar. Siminti kuwa toshe shi yake. Danshin ya taru a ciki, ƙasar ta saki, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga, wata rana filastar ta ɓalle ta tafi da rabin bangon.

Maginan zamanin da sun san abin da suke yi. Sai sun haƙa harsashi har ƙasa mai tauri, inda dutse yake kusa su jera shi a gindi, don ruwan da ke fantsama kada ya ci tubali. Gindin bango ya fi kansa kauri nesa ba kusa ba. Azara kuma giginya ce, gara ba ta cika damunta ba, amma idan ta haura ƙafa 6 babu madogara sai ta lanƙwashe. Dalilin bakan gizo da ɗaurin guga ke nan, wato bakunan da ake ginawa a cikin ɗaki su tallafi rufi, ba ado kaɗai ba.

Gidan Makama na Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ake lissafinsa. Yaɓe a kan yaɓe ne ya kawo shi yau. Shi da tsohon masallacin Bebeji suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979. Zauren kakanninmu kuwa babu mai tsaronsa sai magada.

Aikin ma ba wani mai yawa ba ne. Kafin ruwan fari a hau soro, a tuge ciyawa, a cike tsaga, a share indararo. A nan ɓarna ta fi farawa: indararo ya toshe, ruwa ya kwana a saman soro, kan azarar da ke cikin bango ya ruɓe. Rufi da zanko a shafe su da laso, wato haɗin katsin marina (abin da ke kwantawa a gindin ramin rini) da gashin jima da dafara. Bango kuma makuba, ta ɓawon ɗorawa.

Wahalar yanzu samun katsi ce, tunda marina sun yi ƙaranci. A tambayi tsofaffin magina tun rani, kada a bari sai hadari ya haɗo.