Takin tana ba zai ciyar da hekta ɗaya na masara ba

Ƴan uwana masu garka a nan Tawa, kwanan nan duk inda ka leƙa a Facebook zancen takin tana ake yi, wato kashin da tana ke fitarwa bayan ta ci kashin dabbobi da ragowar ganye. Har wani matashi ya ce mini: "Baba, ku watsar da takin zamani, guba ne." Na yi dariya, don shekara 3 ke nan ina kiwon tana a bayan ɗaki, da kashin shanu da ɓawon albasa kaɗan da ragowar ganye.

Takin yana da kyau, wannan ba gardama. Baƙi ne, ba wari, kamar garin shayi. Jigawar da ke shanye ruwa kafin ka juya baya, in ka zuba mata shi a gurbi sai ta riƙe laima, saiwa ta samu wurin kamawa. Ba ya ƙona tsiro kamar ɗanyen kashin kaji.

Amma masara ba gero ba ce, ciki gare ta. Ku zo mu yi lissafi. Buhun takin zamani na ure mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na azot, wato sinadarin da ke sa tsiro ya girma ganye ya yi kore, tunda kashi 46 cikin 100 ne. Takin tana kuwa azot ɗinsa bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba. Ke nan kafin ka maye gurbin buhu ɗaya tak, sai ka tara buhu sama da 20. Wa ke da wannan tanar? Ni nawa na shekara ko amalanke biyu ba ya cikawa.

Ga kuma zafinmu. Jar tanar da ake sayarwa ba ta jure zafin da ya haura digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu 40 muke wucewa. Shekarar farko rabin nawa suka mutu, tururuwa ta kwashe saura, ga ruwan da sai na saya in yayyafa musu safe da yamma. Masu talla ba sa faɗin wannan.

Abin da nake yi yanzu: cikin hannu ɗaya na takin tana a kowane gurbi ranar shuka, da ɗan takin zamani na NPK 15-15-15 cikin murfin kwalba. In masara ta kai gwiwa sai in bi ta da ure, in rufe da ƙasa don kada rana ta sha shi. Wanda ya hana ta wannan, zai ga ganyen ƙasa ya yi ɗorawa tun kafin goyo.

Kuɗin takina ya ragu, amma bana ma sai da na sayi rabin buhu.