Na Fita Farautar Diragon, Kaza Ta Kai Ni Kurkuku

Diragon na gaskiya ƙafa huɗu gare shi, da fukafukai biyu a gadon baya. Na daɗe a kan wannan ra'ayin, kuma abokaina sun san idan aka taɓo maganar ba a tashi da wuri. Hujjata a fili take. A duba tutar Wales, wadda aka amince da ita a hukumance a 1959: jan diragon ne, ƙafa uku a ƙasa, ɗaya a ɗage, ga fukafukai daban. Masu zana tambarin gidajen sarauta a Ingila ma tun da can ba sa haɗa su. Mai ƙafa biyu, wanda fukafukansa ne hannuwansa, wata halitta ce daban a wurinsu, waiban suke ce masa. Amma yau ka kunna fim ko gem, sai a turo maka wani abu yana rarrafe da gwiwar fiffike kamar jemage, a ce wai diragon ne. A fim ɗin Hobbit na farko, na 2012, an hango ƙafafun gaban dodon sarai. Da na biyu ya fito a 2013, sai ga su sun koma fukafukai. An yanke wa bawan Allah ƙafa biyu tsakanin fim da fim, kuma har yau ban ji wanda ya kai ƙara ba.

A duk dangi mutum ɗaya ne ke tare ni da hujja, ɗan yayata, wani ɗan sakandare mai shegen karance-karance. Ranar da abin ya faru na je gaishe da Yaya ne kawai, na tarar da shi a falo yana buga gem, wani dodo na shawagi a saman talabijin. Ko zama ban gama yi ba na ƙirga ƙafafun.

"Wannan ba diragon ba ne," na ce.

"Kawu, sannu da zuwa," in ji shi, ko waiwaye bai yi ba. "Ka nuna mini dabba ɗaya mai ƙashin baya da ke da ƙafa huɗu da fiffike biyu. Tsuntsu hannunsa ne fiffikensa. Jemage ma haka. Masu ƙafa biyun nan su suka fi kama da abin da zai iya rayuwa."

Na ce to tunda maganar abin da zai iya rayuwa ake yi, ya nuna mini dabbar da ke aman wuta. Na ɗauka na gama da shi. Sai ya dakatar da gem ɗin, ya juyo, ya ce akwai wani ƙwaro dangin buzuzu da ke haɗa sinadarai biyu a cikinsa, ya fesa wa maƙiyi ruwa mai zafin da ya kai digiri 100.

"Ta ina yake fesawa?"

Ya yi shiru kaɗan. "Ta baya."

"To ka gani."

Bai karaya ba. Ya kawo diragon ɗin Sin, wanda galibi ba a zana shi da fiffike ko ɗaya amma yana tashi sama abinsa, kuma shi ruwan sama ne aikinsa, ba gobara ba. Na ce wannan ai nawa ne, don ƙafarsa huɗu. Daga nan muka gangara kan finafinai, inda ni mutumin da ne. Har gobe ina ganin babu dodon da ya kai Godzilla na 1954. Mutum ne a cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, yana tattake ƙananan gine-ginen da aka ƙera da siffar Tokyo, a labarin kuma an ce tsawonsa mita 50. Idan ya ɗaga ƙafa kana jin nauyin a jikinka, don wanda ke ciki da gaske yake wahala. Na kwamfuta kuwa komai girmansa, ka san iska ce. Yaron ya ce shi dai abin da yake gani roba ce tana lanƙwashewa a gwiwa. 'Ya'yan yanzu.

"Kawu," ya ce, yana miƙo mini hannun gem ɗin, "tunda ka san su ciki da waje, kashe ɗaya mu gani."

Baki shi ke yanka wuya. Na karɓa.

Skyrim sunan gem ɗin, ya fito ranar 11 ga Nuwamba, 2011, kuma har yanzu mutane na bugawa. Wata ƙasa ce ta ƙanƙara da duwatsu, ka je inda ka ga dama, ka yi abin da ka ga dama, sai dai garuruwan suna da doka da masu gadi da kurkuku. Wannan na ƙarshen bai gaya mini ba. Abin da ya gaya mini shi ne ya yi watanni yana gina jaruminsa, ya saya masa gida, ya tara masa sulke da takubba, har da wata jarumar mace da ke biye da shi tana riƙe masa kaya. Ya ajiye ni a wani ƙauye a bakin rafi, Riverwood, ya ce in jira, diragon kan kawo hari. Ya nuna mini ɗan maɓallin hagu na tafiya, na dama na juya ido, wannan na harbi. Yana cikin bayani Yaya ta ƙwala masa kira, ta aike shi.

"Kawu, don Allah kada ka taɓa komai sai na dawo."

Ban taɓa komai ba. Na dai zaga ƙauyen don in san ƙasar da zan yi yaƙi a kanta, yadda duk mai hankali zai yi. Akwai wani maɓalli da idan ka danna sai jarumin ya ɗauki abin da ke gabansa, ni kuwa mutum ne mai tattali. Na ɗauki bokiti, na ɗauki tsintsiya, na ɗauki guduma, na ɗauki wasu ƙarafa a maƙera. Wasu sunayen da fari suke fitowa, wasu da ja. Na ɗauka jan alamar kaya mai daraja ce, sai na fi mai da hankali a kansu. Da na matsa kusa da jarumar nan na ga akwai hanyar karɓar abin da take riƙe, na ji tausayinta, mace da wannan uban kaya, na karɓe duka. Ashe har da ƙasusuwan diragon a ciki, waɗanda suna cikin abubuwan da suka fi nauyi a gem ɗin. Wani rubutu ya fito a kusurwa. Tun daga lokacin jarumin ya daina gudu, sai dai ya ja ƙafa.

A nan ne kiɗan ya canza, inuwa ta ratsa ƙauyen, aka yi wani ruri da ya sa na gyara zama. Ya sauka a kan rufin wani gida, ya kafa gwiwoyin fukafukansa, ya buɗe baki. Zan faɗi gaskiya, da kyansa. Ƙafa biyu dai, amma da kyansa.

Na zaro baka. Na ja kibiya. Matsalar ɗan maɓallin daman nan ita ce ba shi da tsakiya: ka taɓa shi kaɗan kana kallon gajimare, ka dawo da shi kana kallon takalminka. Na yi sama, na yi ƙasa, na yi sama, na ga wani abu mai fiffike da ƙafa biyu a tsakiyar allo, na saki.

Kaza ce.

Ta yi ƙara ɗaya, ta kife. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a fim ba. Ga dodo a kan rufi yana ƙona garinsu, amma mutanen ƙauyen nan suka juyo kaina. Maƙerin ya fito da makami. Wata mata ta zaro wuƙa. Masu gadi suka taho da takubba tsirara. Ni ina ta ce wa talabijin, "Ku dubi sama mana! Ga ɓarawon can!" Daga baya yaron ya ce mini duk wanda ya taɓa buga gem ɗin ya san ba a taɓa kajin ƙauyen nan. Ashe masu cewa a bar kaza cikin gashinta sun san abin da suke faɗa.

Gudu ya gagara saboda kayan. Na fara danna duk abin da yatsana ya samu. Wani maɓalli ya sa jarumin ya tsuguna a gaban mutane yana sanɗa, wai yana ɓuya. Wani ya buɗe taswira. Wani kuma ya sa ya yi wata tsawa mai kalma uku, irin wadda jaruman gem ɗin ke koya daga harshen dodanni, iskar ta ɗebi duk wanda ke gabana ta watsar. Wadda ke gabana kuwa jarumar nan ce, ta shigo tsakani don ta kare ni. Na ga ƙafafunta a sama, sannan na ji faɗuwarta a rafi. Na zaro takobi don in tsorata su kawai. Takobin da yaro ya yi watanni yana wasawa ba ya tsoratarwa. Sara ɗaya maƙerin ya kwanta, rubutu ya fito cewa an ɗora tarar zinariya 1000 a kaina.

Sai na yi dabara. Na faɗa wani gida, suka biyo ni, na fito, na faɗa wani, na fito. Duk ƙofar da na shiga sai wata 'yar alama ta haska a kusurwa. Ashe na'urar ce ke ajiye inda aka tsaya, tana ajiye sabo tana goge tsoho. Da na ga jinina ya kusa ƙarewa na buɗe jerin zaɓi don in nemi mafita, na ga wurin ajiya, na ce bari in adana wa yaro kayansa kafin a kashe ni. Aka tambaye ni wani abu da Turanci. Na ce eh. Mutum idan ana bin sa da wuƙa ba ya tsayawa karatu.

Diragon ɗin kuwa masu gadin da suka rage ne suka kashe shi, ba tare da sun nemi shawarata ba. Naman ya kama da wuta, ya ƙone, wani haske ya taso ya shige jikin jarumina, ƙasusuwan suka rage a tsakiyar hanya. Na ja ƙafa har wurin, ana sara ta ta baya, na zaga gawar na ƙirga. Biyu. Shi ya sa dabarata ba ta ci ba, ni mai ƙafa huɗu na shirya wa.

Wani mai gadi ya tsare ni, ya ba ni zaɓi: in biya, in tafi kurkuku, ko in yi faɗa. Kuɗin yaro ne, ba zan taɓa masa ba, don ya ce kada in taɓa komai. Na zaɓi kurkuku.

Yaron ya dawo ya tarar da jaruminsa a bayan ƙarfe, cikin tsumma, ba sulke ba takobi. Ya tsaya da saƙon Yaya a hannu. Ya karɓi hannun a hankali, ya duba wuraren ajiya ɗaya bayan ɗaya. A na farko ana bina da wuƙa. A na biyu ana bina da wuƙa. A na uku ina tsugune a kusurwar ɗakin wani ina sanɗa da bokiti.

"Kawu. Me ka yi?"

"Kaza ce ta shiga gabana."

Da ya fito daga kurkukun aka mayar masa da kayansa, amma ban da na sata, don doka ce a ƙwace su. Jakar ta ragu da kusan rabi, kuma ba bokitina da tsintsiyata kaɗai aka cire ba. Na tambaye shi yadda aka yi zobba da sarƙoƙi masu yawa haka suka zama na sata. Ya ce ba wannan ake magana ba. Na ce ni dai na gode Allah da ya sa ta hannuna asiri ya tonu.

Na yi sallama na tafi, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ƙanwarsa, 'yar ƙarama, tana bayan kujera tun farko, kuma ita ta kai rahoto. Da dare Yaya ta kira.

"Wai kai da girmanka, me kaza ta yi maka?"

Na fara bayani, ta ce ita ba ta son dogon turanci, yaro ya ƙi magana tun ɗazu, kuma an ce har da maƙeri. Kafin in ce wani abu ta kashe. Washegari ƙanin babanmu ya kira yana jajanta mini, ya ce ya ji an rufe ni amma an sake ni, Allah ya kiyaye gaba, kuma in rage zuciya. Wata 'yar'uwa ta turo saƙo tana tambaya ko matar da na tura rafi ta iya ruwa. Na amsa mata cewa ta fito da kanta, sai daga baya na lura amsar ba ta taimake ni ba.

Inna ce ta kira a ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce ita ba ta haifi mai cin haƙƙin mutane ba, ko na kaza ne, kuma kazar wa ce.

Na ce Inna, ba kazar gaske ba ce, a cikin talabijin take, dodo na je harbi.

Ta ce ta ji, dodo. Kazar wa ce?

Na ce ta mutanen wani ƙauye ce, Riverwood.

Ta yi shiru, na ji tana maimaita sunan a hankali don kada ta manta. Sannan ta ce in kwatanta wa ƙanena hanyar da ake bi, gobe da sassafe zai je ya ba su haƙuri, ya tambayi nawa ne.