Kwalayen da Ƙanin Uwargida Ya Zaɓo Mana

Kun riga kun san cewa mun tashi daga Gwammaja mun koma Hotoro, duk a nan Kano, kuma kun san dalili, saboda haka ba sai na sake tono maganar mai gidan hayar nan ba. Abin da ba ku ji ba shi ne yadda aka yi na shiga sabuwar unguwa da sunan da ban taɓa yi ba a tsohuwa.

Tufafi ba su ba mu wahala ba, domin an cusa su a jakunkunan nan na Gana-mas-go, waɗanda suka yi suna tun korar baƙi ta 1983, kuma har yau ba a samu wanda ya gyara musu zif ba. Tukwane da takalma suka shiga buhunan da aka samo daga Dawanau, ko da yake ɗaya daga cikinsu barkono ya taɓa ɗauka, kuma yara suna ta atishawa duk lokacin da suka sa takalman makaranta. Tangaran kuwa uwargida ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya da tsofaffin zannuwa da jaridu. Inda gardama ta tsaya shi ne kwalabe, wato na humra da turaren wuta da zuma da man shanu, da wasu da ba a gaya mini abin da ke cikinsu ba. Na ce a je Kasuwar Singa a sayo kwalayen taliya, ta ce gindinsu ba ya ɗaukar nauyi, kuma kwalba in ta gogi 'yar'uwarta a mota fashewa take yi.

A nan ne ƙaninta, wanda duk kun sani, ya ce: "Yaya, ka bar mini wannan, na san inda ake samun kwali mai kauri, mai ɗaki-ɗaki a ciki." Da daddare ya kawo su daga wajen Sabon Gari, babu wuta, an riga an juye su ciki ya koma waje, an ɗaure da salatif, fuskarsu fes babu rubutu. Kowane kwali yana da gurbin kwalba goma sha biyu, kuma kwalaben uwargida suka zauna daram. Har kuɗin mai na ba shi.

Washegari yayyafi ya same mu a hanya, ga a-kori-kurar babu tamfol, sannan direban ya ga dama ya tsaya a ƙofar gida daidai lokacin da ake fitowa daga sallar La'asar a masallacin da ke jikin katangarmu. Liman da dattawan unguwa suka nufo mu domin yi mana barka da zuwa. Ni kuma, don a ga cewa sabon maƙwabci ba mai girman kai ba ne, na sunkuya na rungumi kwali mafi girma da kaina. Tun daga taku na farko kwalabe suka fara ƙara, ƙyal-ƙyal, kuma na lura Liman ya ɗan karkata kai. Ya miƙo hannu yana cewa "Maraba, maraba," ni kuma ina ƙoƙarin tallafe kwalin da gwiwa don in ba shi nawa, sai jiƙaƙƙen salatif ya saki. Kwalin bai tsaya a yagewar gindi kawai ba, buɗewa ya yi gaba ɗaya ya kwanta shimfiɗe a gaban sahun dattawa, cikinsa yana kallon sama. Ga hoton koriyar kwalba tana zufa, ga kofi cike da kumfa, ga sunan giya da manyan haruffa, a garin da aka ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000. Kwalabe kuma suka bi gangara suna mirginawa, ɗaya ta je ta tsaya a jikin takalmin na'ibi.

Hannun Liman ya tsaya a inda yake, bai ƙaraso ba, bai kuma koma ba. Wani yaro ɗan firamare ya durƙusa ya fara haɗa baƙaƙen da ƙarfi, ana kwaɓarsa yana ƙara ɗaga murya, domin shi a ganinsa ranar nuna karatu ce ta zo.

Na ce: "Allah gafarta Malam, kayan ƙamshin iyali ne." Babu wanda ya amsa. Don in kashe maganar sai na ɗauki kwalbar da ta fi kusa da ni, na murɗe murfin domin Malam ya sunsuna da kansa. Ashe ba humra ba ce, tsimin uwargida ne, wanda ya kwana cikin zafi kuma ya sha jijjiga tun daga Gwammaja. Murfin ya yi tsalle, kumfa ta taso ta bi hannuna har gwiwar hannu, wani tsami-tsami ya gauraye wurin. Liman ya ja da baya taku biyu, ya mayar da hannayensa bayansa. Ku gaya mini, wane magidanci ne zai tsaya a gaban dattawa goma ya yi bayanin mene ne tsimi da kuma amfaninsa? Na buɗe baki na rufe, na sake cewa "na iyali ne," wanda ya ƙara ɓata lamarin.

Duk da haka ba Liman nake jin haushi ba, domin shi daga baya matarsa ta shigo ta ga komai, ta kuma sayi humra kwalba biyu. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne tsohon nan mai rediyo da ke zama a dakalin da ke kallon gidanmu. Tun da motar ta tsaya bai ɗaga ko tsintsiya ba, amma da kwalin ya fashe sai ya rage muryar rediyonsa, ya ƙirga sauran kwalayen da ke cikin mota da yatsa, ya ce: "Har shida." Ban san wanda ya tambaye shi ba. Akuyarsa ce kuma ta cinye jaridun da aka naɗe tangaran da su, yana kallo bai ce mata kul ba. Yanzu kullum na gaishe shi, "Baba, ina kwana," sai ya amsa da "Allah ya shirye mu baki ɗaya," amma ni kaɗai yake kallo. An ce da can ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma an ce haka ya yi wa wanda ya zauna a gidan kafin mu, a kan wata maganar tattabaru.

Shi kuwa ƙanin uwargida ya zo shekaranjiya, ya ci tuwo, sannan ya tambaya ko mun gama da kwalayen, wai mai su yana karɓa a rabin kuɗi in ba su jiƙe ba. Na ce ya tambayi yayarsa. Ita kuma ta ce ba za ta bayar ba, domin ba ta taɓa samun inda kwalabenta suka zauna lafiya irin wannan ba, suna nan a ƙarƙashin gado.