Kwalbatin da ya toshe ba na hukuma ɗaya ba ne

Duk damina in ruwa ya shiga gidaje a Gombe, za ka ji ana cewa ai masu kwashe shara ne suka yi barci. Maganar ba ta nan kaɗai take ba.

Dubi kwalbati guda da ya cika da leda da yashi. Idan titin na tarayya ne, kamar hanyar Bauchi zuwa Gombe, gyaransa na Abuja ne. Filin da ke gefensa kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka izinin ginin da ya tare hanyar ruwa daga jiha yake fitowa. Kasuwa da tasha da kwashe shara, tsarin mulkin 1999 ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ko da yake jiha ma tana da hukumar muhallinta.

Shi kuwa ruwa bai san wannan rabon ba. A yashe magudana yau, gobe wani ofis ya ba da fili a bakin kwari, zaizaya ta ci gaba da cin unguwa. Shi ya sa ake son ma'aikatun filaye, ayyuka da muhalli su riƙa aiki da taswira ɗaya tun kafin a zuba harsashin gini.