Mayirno ne ko Mai Wurno?

Jiya bayan isha'i muna shan shayi nan Madina ni da wani dattijo Bahaushen Sudan mai sayar da dabino, na ce Baba kai ɗan wane gari ne? Ya ce Mayirno. Ina ta juya sunan a baki, sai ya ajiye kofinsa ya ce ɗana, ai sunan Mai Wurno ne, bakin Larabawa ne ya lanƙwasa shi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don kaga Wurno tana can kusa da Sakkwato inda kabarin Sarkin Musulmi Bello yake, shi kuma wannan gari na bakin kogin Nilu kusa da Sinnar sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa suka kashe a Burmi a 1903, amma jikokin dattijon nan da suka tashi da karatun Larabci Mayirno kawai suka sani, sunan bai tuna musu komai.

Shiyasa batun sunayen baƙi a littattafan tarihi yake damuna sosai. Nan ƙasar Larabawa ba sa jin nauyin kowa, duk sunan da ya shigo sai sun ɗinka masa riga irin tasu, Plato ya koma Aflaɗun, Heraclius ya koma Hiraƙal, Constantinople ta koma Ƙusɗanɗiniya. Turawa ma haka suka yi mana, Ibn Rushd ya zama Averroes, Salahuddin ya zama Saladin. Ni kaina a sakandare na haddace Avicenna na ci jarrabawa ina ɗauka wani Bature ne, sai da na zo nan na gane ashe Ibn Sina ne mutumin yankin Buhara, kuma da an sa layi ɗaya tak a littafin, da ya raba ni da wannan ruɗanin.

Mu ma a gida kakanninmu sun yi, kuma sun iya. Lugard suka mai da shi Lugga, Hanns Vischer da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909 suka raɗa masa Ɗan Hausa. Ni ban yarda a zubar da waɗannan ba ko kaɗan, in ka ce Gwamna Lugga tsohuwa a ƙauye ta san wa kake nufi, a cikin sunan akwai bakin mutanen da suka ga zuwansa da idonsu. Sai dai yaron da ya buga Lugga a intanet da ƙyar zai samu wani abin kirki, dole ya san yadda mai sunan yake rubuta abinsa.

To ni dai ra'ayina, a rubuta sunan yadda kunnen Bahaushe ya saba, amma farkon ambatonsa a ajiye na asali a gefe ko sau ɗaya ne, ma'anar suna kuwa a ƙyale ta, ba a fassarawa. Abin da ya fi min ciwo ma namu ne, ka buɗe rubutun Hausa ka ga Sokoto da Usman dan Fodio alhali Sakkwato muke cewa da Shehu Ɗan Fodiyo. Dubi 'yan Sudan, yaƙin 1898 da Turawan Ingila ke kira yaƙin Omdurman su har gobe Karari suke cewa, don su suka binne gawarwakinsu a wurin.

Kafin mu tashi na karɓi biro na rubuta wa Baba sunan Mai Wurno da boko da ajami a bayan kwalin dabino, ya ninke ya sa a aljihun jallabiyarsa ya ce zai ɗauki hoto ya tura wa jikokin.