Ba Naka Ba Ne

A jikin kwalin an rubuta cewa matakai uku ne kacal: ka sa wuta, ka sa kebul, ka shiga intanet. Har da hoton wata mata tana murmushi riƙe da waya, da ganinta ko gumi ba ta yi ba. Na nuna wa uwargida hoton na ce, "In dai wannan baiwar Allah ta iya, to kafin ki gama shanyar nan na gama." Ta ce, "To, Allah ya sa." Na san wannan "Allah ya sa" ɗin nata sarai. Shi ta ce mini ranar da na kwance fanka, kuma har yau akwai sukurori biyu na fankar a cikin durowa da ba a gano mazauninsu ba.

Abin da ya kai ni ga sayen rauta, wayata ce ta gaji. Duk gidan a jikinta suke rataye, ni nake raba musu data. In na fita, intanet ya fita tare da ni. In na shiga wanka, sai a riƙa buga ƙofa ana cewa in miƙo wayar ta ƙasa. Da abin ya ishe ni sai na kira masu kawo intanet, suka ja kebul har falo, suka girka ɗan akwatinsu da ake kira modem, suka ce saura rauta wadda za ta raba wa kowa a iska. Ɗaya daga cikinsu ya ce in na sayo in kira shi ya haɗa mini. Na yi dariya na ce ya bar shi kawai.

Da na buɗe kwalin na tarar da rautar da eriyoyinta huɗu a miƙe, kamar ƙaguwa ta kwanta rigingine, sai adaftar wuta, da ɗan gajeren kebul, da takardar bayani a ninke. Babban ɗana ya ɗauki takardar zai warware, na ce ya ajiye ta. Abin da aka ce matakai uku ne, wane karatu kuma?

A bayan rautar akwai ramuka biyar. Huɗu rawaya ne an rubuta musu LAN, ɗaya shuɗi shi kaɗai a gefe an rubuta masa WAN. Na tsaya na yi nazari irin na manya. Na ce tunda kamfani ya yi rawaya har huɗu, ai su ne masu muhimmanci, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Na cusa kebul ɗin modem a rawaya na farko, ya ce "ƙas", na ji daɗin ƙarar. Yanzu dai na san cewa shuɗin nan shi ne ƙofar da intanet ke shigowa daga modem, rawayan kuwa ƙofofin fita ne zuwa kwamfuta ko talabijin. A lokacin ban sani ba, kuma ban san ban sani ba. Fitilu suka kama, sai guda ɗaya mai hoton duniya ta tsaya a ja. Yaron ya nuna ta da yatsa. Na ce ɗumama take yi.

Sai na kunna Wi-Fi a wayata, abin da ban taɓa yi a cikin gidan ba tunda ba mu da shi. Kafin in ƙifta ido wayar ta haɗu da kanta, ba ta tambaye ni kalmar sirri ba, ba ta tambaye ni komai ba. Na buɗe bidiyo, ya tashi ba ko tangarɗa. Na ɗaga wayar sama na zaga falo da ita. "Kun gani? Wannan shi ake kira mai sauƙin haɗawa!" Sunan da ya fito a wayar sunan kamfanin rautar ne, da wasu haruffa huɗu a ƙarshe. Na leƙa ƙarƙashin rautar inda aka manna 'yar takarda, na ga sunan kamfanin ya yi daidai. Haruffa huɗun nan na ƙarshe kuwa ban ɓata lokacina a kansu ba.

Da a nan na tsaya, da an rabu lafiya. Amma na taɓa jin cewa mai hankali ba ya barin rauta da saitin da ta zo da shi daga kamfani, kuma maganar gaskiya ce. Na buɗe burauza na rubuta adireshin shiga saitin rauta, 192.168.0.1, kamar yadda yake a jikin 'yar takardar. Shafi ya fito yana neman suna da kalmar sirri. Na rubuta admin a sama, admin a ƙasa, don haka na ji ana yi. Ya buɗe. Na dubi yara na gyara zama.

Yaron, wanda ashe ya saci karanta takardar a bayan kujera, ya ce, "Abba, shafin da ke cikin takardar ba irin wannan ba ne. Kuma a kwali an ce tamu tana da sigina iri biyu, 2.4 da 5, nan kuwa 2.4 kaɗai nake gani." Na ce masa kamfanoni kullum cikin canje-canje suke, ya bari in ya girma zai gane.

Ina cikin latse-latse na faɗa shafin da ke nuna na'urorin da ke haɗe da rautar. A nan ne raina ya ɓaci. A gidanmu wayata kaɗai ce ta shiga zuwa lokacin, amma jerin ya nuna goma. Wayoyi shida ban da tawa, da talabijin, da firinta, har da kyamara! Minti goma da kunna abu, har mutum tara sun tare a ciki da kayansu. Na ce lallai duniya ta lalace, wato wani ma talabijin ɗinsa ya jona, ko kunya babu. Kowace na'ura tana da lambarta ta musamman mai haruffa da lambobi 12, wadda ake kira MAC, kuma a gaban kowace akwai maɓallin toshewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina toshewa, kowace na danna sai in ce "sauka lafiya". Firintar ce ta ƙarshe, ita har sau biyu na danna mata.

Da zafin nan na shiga wajen canza suna. Na goge na kamfani na rubuta da manyan baƙaƙe: BA NAKA BA NE. Wajen tsaro na bar shi a WPA2, wanda ba ya karɓar kalmar sirri da ta gaza haruffa 8. Ni kuwa na ba shi har 16, don na zuba abin da ke raina gaba ɗaya. Na danna adanawa, wayata ta faɗo, na sake shiga da sabuwar kalmar, na bi wayoyin gidan duk na sa musu. Uwargida ta karanta kalmar ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan ba ta yi tsauri ba?" Na ce ai sirri ce, wa zai gani?

Sai wata sabuwa ta ɓullo. A falo, kusa da rautar, sandar sigina ɗaya ce tak, wani lokacin ma ta ɓace. Amma in ka bi lungu har ƙarshe, jikin bangon da ya raba mu da maƙwabta, sai ta cika taf. Na shiga gyara. Duk abin da ake faɗa game da mazaunin rauta na yi shi, kuma duk gaskiya ne: a sa ta tsakiyar gida, a ɗaga ta sama, a nisanta ta da ƙarfe da madubi da firiji, kada a kulle ta cikin kabad, kada a ajiye ta kusa da na'urar ɗumama abinci ta makirowef don ita ma a wajajen 2.4 take aiki. Na hau kujera na ɗora ta kan kabad iya tsawon kebul. Na miƙar da eriyoyi, na kwantar da biyu, na karkata ɗaya tana kallon ƙofa. Na sauke madubin falo na jingine shi a ɗaki. Ko gezau. Daga ƙarshe na tara iyali na yi musu bayani cewa rauta kamar fitila take, gindinta duhu, haskenta can nesa. Har na ji bayanin ya burge ni. Kafin la'asar duk gidan sun koma lungu, an jeru a jikin bango kamar masu jiran likita, kowa da wayarsa.

Muna nan aka yi sallama. Maƙwabcinmu ne, dattijo mai kamala da ya yi ritaya, wanda ban taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba. Yana riƙe da waya, tabarau a kan hanci.

Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, na ga ka shigo da kwalin irin abin nan da safe, na ce ƙila ka san kansa. Tun hantsi intanet ɗinmu ya ɗauke. Talabijin ta tsaya, kyamarar ƙofa ta makance, Hajiya tana tsakiyar magana da jikokinta ta bidiyo abin ya yanke. Ina jin kutse aka yi mana."

Na ce, "Subhanallahi! Alhaji, ai ni ma yau mutum tara na kora. Zamani ne ya zo da haka."

Ya ce, "Abin da ya fi ɗaure mini kai, fitilun rautar duk lafiya lau, amma sunanta ya ɓace daga waya. Sai wani sabon suna da ya fito, kuma ya fi ƙarfi in na tsaya a gabanta. Duba ka gani, marar kunyar har saƙo ya bar mini."

Ya miƙo wayar. Sanduna cike taf, a gabansu an rubuta BA NAKA BA NE.

Wani gumi ya karyo mini ta ƙeya. Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Daidai nan uwargida ta leƙo daga bayan labule ta gaishe shi, sannan ta ce, "Af, Maigida, na manta in faɗa maka. Abin nan naka na cire shi daga soket tun bayan azahar na sa dutsen guga. In mayar?"

Na waiwaya na dubi saman kabad. Rautata tana zaune da eriyoyinta a karkace, ko fitila ɗaya babu. A lungu kuwa yara suna ta kallon bidiyo.

Sai a lokacin na tuna. Watanni da suka wuce na shiga gidan Alhaji duba shi da jiki, sabis ya ƙi, shi da hannunsa ya karɓi wayata ya sa mini kalmar sirrinsa. Waya ba ta mantuwa: duk inda ta ji sunan da ta sani, shiga take ba sallama. Rautarsa ta kamfani ɗaya ce da tawa, tsohon yayi, adireshinsu ɗaya, kuma bai taɓa canza admin ɗin da ta zo da shi ba. Siginar 2.4 kuwa ta fi ta 5 iya ratsa bango, shi ya sa ta iso lungunmu. Wato tun safe a cikin rautar dattijon nan nake mulki, na kori matarsa, na kori firintarsa, na canza wa gidansa kwaɗo.

Na yi masa bayani ina kallon ƙasa. Ya saurara har na gama, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya ce, "To, ba komai, Malam, kuskure ne. Faɗa mini kalmar da ka sa in shiga."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kawo wayar in sa maka."

Ya ce, "A'a, faɗa dai in rubuta a takarda, wayoyin suna da yawa."

Ya ciro biro. Yara suka yi tsit. Na ji uwargida ta toshe baki da mayafi a bayan labule. Na ce ƙasa-ƙasa, "Babban M, ƙaramin a, k, w..."

Ya ce, "Kunnena ba kamar da ba. Faɗe ta gaba ɗaya."

Na ce, "MakwabciSayiNaka."

Ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi. Ya ɗago ya ce, "Ai kuwa na saya, Malam. Shekara shida ke nan."

Har magariba ina falonsa a durƙushe gaban rauta. Na buɗe wa na'urori tara hanya, na mayar da tsohon suna da tsohuwar kalma daidai yadda suke, don in aka yi haka kowace na'ura komawa take da kanta ba sai an bi ta ba. Talabijin ta farfaɗo, kyamara ta buɗe ido, firinta ta yi tari ta tofo takardar da aka tura mata tun safe. Na ba shi shawara ya canza admin ɗin nan don kada wani ya shigar masa. Ya ce shawara ce mai kyau, musamman da ta fito daga bakin wanda ya gwada.

Da na dawo gida na tarar yaron ya warware takardar a tsakiyar falo. Bai ce komai ba, ya zare kebul daga rawaya ya sa a shuɗi, ya mayar da wuta. Bayan ɗan lokaci fitilar duniya ta koma kore. Ya duba haruffa huɗun ƙarshe, ya shiga da kalmar da ke manne a ƙasan rautar, shafi ya fito sak irin na takarda, ya ce mu ƙirƙiri kalmar shiga ta kanmu tun kafin ya bari mu taɓa komai. Duka aikin bai kai minti biyar ba. Matar jikin kwali tana nan tana murmushi. Da aka zo wajen suna ya ce, "Abba, me za a sa?" Uwargida ta riga ni amsawa, ta ce a bar na kamfani.

Bayan kwana biyu ina zaune a lungu na buɗe jerin Wi-Fi don in ga ko tamu tana kaiwa can. Tsohon sunan rautar Alhaji ya ɓace. A madadinsa, da manyan baƙaƙe da sanduna cike taf, BA NAKA BA NE. Na gwada kalmar da na sani, don in tabbatar kawai, wayar ta ce ba daidai ba ce.